Jinin Hausawan Gadarif a mujallun duniya: aikin Farfesa Muntasir Ibrahim da abin da ya iso gare mu

Akwai wata magana da ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp tun ba yau ba, wai masana sun auna jinin Hausawan Sudan sun tarar kashi 40 cikin ɗari asalinsu ɗaya da Turawa. Wani ya tura da alfahari, wani kuma ya tura don ya ce ai ga shi nan, dama ku baƙi ne. Lambar 40 ɗin ba ƙirƙirarta aka yi ba, tana cikin wani bincike na gaske da aka buga a 2008, amma abin da ake ɗora mata ba shi take nufi ba ko kaɗan. Wanda ya jagoranci binciken ɗan ƙasar nan ne, Farfesa Muntasir Attayyib Ibrahim na Jami'ar Khartum, kuma wallahi abin yana ci mini rai a ce mutumin da ya shafe shekaru yana nazarin jininmu, ana ambatonsa a Amurka da Ingila, mu kuma abin da ya iso mana daga aikinsa lamba ɗaya ce tal, ita ma a karkace.

An haife shi a Umdurman a 1957. Ya yi digirin farko a Masar, ya dawo Khartum ya yi na biyu, sannan ya yi digirin dakta a Jami'ar Kopenhagen ta Denmak a 1994. Mafi yawan aikinsa a Cibiyar Nazarin Cututtukan da Suka Zauna a Ƙasa ya yi shi, wato Ma'ahadul Amradil Mutawaɗɗina, wadda marigayi Farfesa Ahmad Muhammad Alhassan ya assasa a jami'ar. Fanninsa ilimin gadon halitta ne, ya'ani yadda DNA ke sauka daga iyaye zuwa 'ya'ya da abin da hakan ke faɗa mana game da cuta da kuma tarihin ƙaurar mutane. Maƙalolin da sunansa ke ciki sun haura ɗari da nisa.

Toh amma ta yaya ake gane cewa malami irin wannan yana da tasiri? Su a duniyar bincike ƙirge suke yi. Duk lokacin da wani masani ya rubuta maƙala ya jingina da taka, an ƙirga maka ambato ɗaya, shafuka irin su Google Scholar suna tara su. Akwai kuma wani ma'auni da wani malamin fiziks a Amurka mai suna Jorge Hirsch ya kawo a 2005, ana ce masa h-index: idan aka ce naka 30 ne, to kana da maƙaloli 30 da kowace an ambace ta aƙalla sau 30. Da shi ake duba ƙarin girma, da shi ake duba wanda za a ba kuɗin bincike. Ban raina shi ba, yana raba mai aiki da mai surutu. Sai dai ga wanda ke aiki a ƙasa irin tamu ma'aunin yana da karkata, kuma aikin Muntasir yana nuna wannan karkatar a fili.

Maƙalolinsa da aka fi ambato a duniya su ne na haɗin gwiwa da Sarah Tishkoff, wata farfesa Ba'amurkiya. Ta farko ta fito a mujallar Nature Genetics a 2007, kan madara. Yawancin mutanen duniya da sun girma jikinsu yake daina sarrafa sikarin da ke cikin ɗanyar madara, shi ya sa wani in ya sha sai kumburin ciki da gudawa, wani kuma ya shanye ƙwarya guda lafiya lau. Da can an san canji ɗaya ne a DNA da ke ba Turawa wannan iyawar, sai aka auna makiyayan gabashin Afirka da suke rayuwa a kan madara aka tarar ba su da shi. Su Tishkoff suka ɗauki mutum 470 daga Tanzaniya da Kenya da Sudan, suka gano wasu canje-canje uku daban da suke yin wannan aikin, ɗaya daga ciki ana samunsa sosai a wajen Bija, maƙwabtanmu na Kasala da Bahar Maliya. Ma'ana Allah ya buɗe ƙofa ɗaya ta hanyoyi da yawa, kowace al'umma ta makiyaya da tata, cikin 'yan dubban shekarun da aka fara kiwo. Wannan maƙala yanzu a littattafan karatu take, kusan duk ɗalibin fannin sai ya haɗu da ita. Ta biyu ta fito a mujallar Science a 2009, an duba al'ummomin Afirka 121, aka nuna tushen gado 14 da suka cakuɗa suka ba da mutanen nahiyar, aka kuma ƙara tabbatar da cewa bambancin gado da ke tsakanin 'yan Afirka kansu ya fi na ko'ina a duniya.

Waɗannan biyun ana ambatonsu da dubbai. Amma duba jerin sunayen da ke saman su, Muntasir a tsakiya yake. A al'adar fannin, sunan farko na wanda ya yi aikin da hannunsa ne, na ƙarshe na shugaban ɗakin binciken ne, na tsakiya kuma mai karatu ba ya iya sanin wa ya yi me. Alhali ba wanda zai zo daga Amurka ya shiga rugar Bija ya ce ku miƙo hannu in ɗebi jini a saurare shi, sai da wanda ya san nazir da omda, ya san yadda ake neman izini, ya san yadda jini zai iso Khartum bai lalace a zafin nan namu ba. Wannan wahalar ba ta fitowa a ƙirge. Ƙirgen yana ba shi lambobi masu yawa daga maƙalar da ba shi ne jagora ba, kuma yana ba shi kaɗan daga aikin da shi da ɗalibansa suka ɗauka tun daga tushe, wanda a gare mu ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Ina nufin kalazar. Duk wanda ya zauna kudancin Gadarif, bakin kogin Rahad ko wajen kogin Atbara, ba sai an yi masa bayani ba: yaro ya yi makonni da zazzaɓi, a ba shi maganin maleriya ya ƙi sauka, ya rame haƙarƙari a waje amma ciki ya yi tulu saboda saifa ta kumbura, in ka taɓa gefen hagu sai ka ji ta da tauri ƙarƙashin hannunka. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ke kawo ta, yana zama inda baƙar laka ke tsagewa da rani da inda itatuwan ɗalha da aduwa suka yi yawa. In ba a yi magani ba kusan kullum kisa take, maganin kuma allura ce kullum, da can kwana 30 na Pentostam, daga baya aka haɗa shi da wata allurar aka rage zuwa 17. Turai ba ta da wannan matsalar yadda muke da ita, don haka masu ambaton maƙala a kanta ba su da yawa.

Abin da ya ja hankalin masu bincike na cibiyar shi ne ƙauyuka biyu a bakin Rahad, Koka ta Hausawa da Um Salala ta Masalit. Ƙuda ɗaya ne ke cizon kowa, amma a garin Masalit mutane sun fi kwanciya da cutar, a garin Hausawa kuma da yawa ƙwayar ta shiga jikinsu ba su yi ciwo ba. Me ya kawo haka, abinci ne, daɗewa a wurin ne, ko gado? Daga nan Muntasir da abokan aikinsa, tare da Farfesa Jenefer Blackwell da ke Kambirij a lokacin, suka shiga bin dangi-dangi a garuruwan Masalit suna duba waɗanne ƙwayoyin gado ne ke tafiya tare da cutar. A 2003 da 2004 suka buga alaƙarta da wasu ƙwayoyin gado masu kula da garkuwar jiki, a 2007 kuma suka nuna wani abu da ni a ganina ya fi duka muhimmanci, cewa ko tsakanin ƙauyuka biyu na ƙabila ɗaya, wurin da ke da alaƙa da cutar a DNA yana iya bambanta gwargwadon zuriyar da mutum ya fito. Kenan ko kalmar ƙabila ta yi faɗi da yawa a wajen likitanci, balle a ce "baƙar fata" a dunƙule kamar yadda littattafan waje ke yi. Gaskiya wannan bai haifar da sabon magani ba, kuma manyan binciken da aka yi daga baya a wasu ƙasashe ba su tabbatar da duk abin da ƙananan binciken farko suka gani ba, haka fannin yake. Amma shi ya sa aka fara kallon mai kalazar da danginsa, ba ƙudan kaɗai ba.

Yanzu mu dawo kan kashi 40. Binciken 2008 ɗin Hisham Yusuf Hassan ne sunan farko, Muntasir na ƙarshe, a tsakiya akwai Peter Underhill da Luca Cavalli-Sforza na Jami'ar Stanford, shi Cavalli-Sforza yana cikin iyayen fannin gaba ɗaya. Sun auna maza 445 daga al'ummomi 15 na Sudan, kuma abu ɗaya kawai suka duba, kuromosom Y, wanda namiji ke gada daga ubansa, shi ma daga ubansa, mace ba ta da shi sam. Hausawan da ke ciki 32 ne. A cikinsu aka samu kusan kashi 40 suna ɗauke da wani reshe da ake kira R1b, wanda ya yi yawa a yammacin Turai. Shi ke nan asalin maganar.

Mutum 32 fa. Kamar ka je kasuwar amfanin gona ta Gadarif ne ka soka buhu ɗaya ka ɗebi cikin tafin hannu, za ka iya cewa dawar nan feterita ce ko tabat, amma ba za ka yi rantsuwa a kan duk abin da ke cikin sito ba. In mutanen gari ɗaya ne ko dangin juna ne, kaka ɗaya mai 'ya'ya da yawa ya isa ya ɗaga lambar. Sannan kuromosom Y kusan kashi 2 cikin ɗari ne kawai na DNA ɗin mutum. In ka koma baya kakanni goma, gurbin iyaye 1024 ne suka haɗu suka ba da kai, shi kuma Y labarin mutum ɗaya kacal daga cikinsu yake ba ka, sauran 1023 da duk iyaye mata bai ce komai a kansu ba. Kuma bayan shekara biyu, a 2010, wani masani ɗan Italiya Fulvio Cruciani da mutanensa suka nuna cewa R1b na tsakiyar Afirka wani reshe ne daban mai suna V88, ba wanda ya cika Turai a yau ba, yana da yawa a wajen masu harsunan dangin Cadi, wanda Hausa na ciki, musamman arewacin Kamaru da kewayen tafkin Cadi, kuma shigowarsa ta kai dubban shekaru, tun lokacin da Sahara ke da ruwa da ciyawa. In kuma aka duba DNA ɗin gaba ɗaya ba Y kaɗai ba, Bahaushe da maƙwabtansa na yammacin Afirka ya fi kama.

Na daɗe a kan wannan ne saboda mun ga abin da ya faru a Nilul Azraƙ a Yulin 2022, Damazin da Rusairis, da abin da ya biyo baya a Wad Almahi, an kashe mutane da yawa a kan maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne ke da haƙƙin ƙasa da sarauta. A irin wannan yanayin lamba daga ɗakin bincike tana iya zama makami a hannun kowane ɓangare. Binciken bai ce kowa baƙo ne ba. A cikinsa ma an nuna Larabawan Sudan suna da reshen da ya zo daga Gabas ta Tsakiya da yawa, Nubiyawa da Bija cakuɗe ne, kowa da hanyar da kakanninsa suka biyo. Mu kuma tarihin zuwanmu ba a ɓoye yake ba ballantana a nemo shi a jini, hanyar hajji ce ta ɗaruruwan shekaru, sai hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya zauna kusa da Sinnar, sai noman Jazira da ya jawo wasu. Zama ɗan ƙasa maganar doka ce da haihuwa da zama da gumi, ba aikin kuromosom ba ne.

Akwai wani binciken nasu da ya fi wannan zafi, kuma gara mu ji shi daga bakin junanmu. A 2007 suka buga a wata mujallar gadon halitta ta Turai cewa, da suka duba kuromosom Y na masu sikila a Sudan, munjaliyya kamar yadda ake ce mata a asibitocin nan, alamu sun nuna ƙwayar gadon ta shigo ne musamman ta ƙaurar mutanen yamma, Hausa da Fulani da Baggara, daga ƙarni na 18 zuwa farkon na 20. Wani zai ji wannan ya ce ana jifan mu da cuta. Ni ban ɗauke shi haka ba. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da kwafi ɗaya na sikila, wanda ake ce wa AS, yana da kariya daga maleriya mai kisa, shi ya sa ta yi yawa a duk inda maleriya ta yi tsanani, garkuwa ce ta kakanni wadda take da tsada. Misiriyya ma suna cikin waɗanda ta fi yawa a cikinsu a Sudan. Tsadar ita ce in AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS mai kwafi biyu, wato mai cutar, kowane ciki fa, ba wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba.

Sai kuma a 2010 Niven Salih da Muntasir da sauransu suka koma waɗancan ƙauyukan na Hausawa da Masalit suka auna mutum sama da 500, dangi-dangi, tsara bayan tsara. Suka ga AS har yanzu yana rage kwanciya da maleriya, amma a wajen Hausawa ribar da yake bayarwa ta fuskar rayuwa da barin zuriya tana raguwa, suka danganta hakan da cewa maleriyar wurin yawanci mai sauƙi ce, magani ya samu, ga kuma auren zumunta. In ka fassara wannan zuwa maganar gida, kariyar tana raguwa amma tsadar tana nan daram. Mu kuwa nan auren ɗan baffa da 'yar gwaggo shi ne abin da aka saba, musamman a garuruwan da muke zaune mu kaɗai, kuma ba ina cewa a daina ba ne, gwajin jini ne kawai kafin a sa rana, wanda ɗakin gwaji na asibitin gari zai iya yi. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara ya ga ɗan shekara biyu hannu da ƙafa a kumbure yana kukan da ba a iya rarrashi, uwa na yawo neman mai ba da jini da tsakar dare, ya san abin da nake nufi. Wannan maƙalar ambatonta bai kai ko kusa da na madara ba. Da ita ce aka juya zuwa Hausa da Larabci aka ba limamai da ungozomomi daga Gadarif zuwa Mai Wurno, da ta yi aikin da ambato dubu ba zai yi ba. A nan nake ganin giɓin, kuma ba na mutum ɗaya ba ne, tsarin ne yake saka wa masani in ya buga da Turanci a Landan, ba ya saka masa komai in ya koma ƙauyen ya zauna a kan tabarma ya yi bayani. Mu ma masu karatun cikinmu muna da namu kason, maƙalar a buɗe take a intanet kyauta.

Wani ɓangaren tasirin da ƙirge ba ya kamawa shi ne mutane. Duba sunayen farko a waɗannan maƙaloli, matasan Sudan ne kuma da yawa mata, Hiba Muhammad wadda ta yi aikin kalazar ta samu lambar yabo ta Royal Society Pfizer a 2007, Niven Salih, Nuha Alhassan da ta jagoranci maƙalar 2014 kan yadda mutanen da suka fita daga Afirka suka ɓalle daga wata babbar al'umma ta gabashin nahiyar. Yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Masana Gadon Ɗan Adam ta Afirka a 2003 da kuma Akademiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Sudan, ya samu lambar C.N.R. Rao ta TWAS, akademiyar kimiyya ta duniya mai kula da ƙasashe masu tasowa, a 2014, kuma shi da Charles Rotimi ɗan Najeriya suka shirya littafi kan gadon al'ummomin Afirka a lafiya da cuta wanda maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta fitar. Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci, wani nazari na 2016 ya nuna kusan kashi 81 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu masu asalin Turai ne, masu asalin Afirka kusan kashi 3. Gwaji ko maganin da aka gina a kan wancan kashi 81 ba dole ne ya zauna daidai a jikin ɗan Koka ba.

A Fabrairun 2019, lokacin zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Bashir, jami'an tsaro sun kama shi saboda yana cikin malaman jami'ar da suka fito da shawarar a miƙa mulki cikin lumana, ƙungiyoyin masana na duniya suka yi ta kiran a sake shi, bai fito ba sai a Afrilu da gwamnatin ta faɗi.

Sai yaƙin 15 ga Afrilun 2023. Jami'ar Khartum a tsakiyar inda aka fi gwabzawa take, a makonnin farko ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi da masu bindiga suka mamaye babban ɗakin gwaji na ƙasa. Irin wannan bincike a kan firiza yake rayuwa, jini da DNA da aka tara shekara da shekaru ana ajiye su a sanyi mai tsanani, in wuta ta ɗauke ta daɗe sun tafi kenan, kuma ba a sake tara su don tsofaffin da aka ɗeba a wajensu a shekarun 1990 da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Maƙalolin da aka buga suna nan, ambatonsu ma ƙaruwa yake ko yau, amma malamai da ɗaliban jami'o'in Khartum sun watse, wasu Masar wasu Saudiyya wasu jihohi. Ga Gadarif kuma ta karɓi dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira daga Khartum da Jazira da Sinnar, da yawansu jikinsu bai taɓa haɗuwa da ƙwayar kalazar ba, ga yunwa da ke raunana garkuwa, wasunsu suna kwana a fili a daidai yankin da ƙudan yake, kuma waɗannan su ne aka san cutar ta fi kayarwa.